Hoton Hitila a Teburin Mai Shayi

A Chikaji da ke Sabon Garin Zariya, bayan isha'i, idan an ɗauke wuta, haske biyu ke raguwa a bakin titi: fitilar mai shayi da fuskar waya. A wani dare irin wannan, cikin watannin farko na yaƙin Gaza, wani ƙanena na unguwa ya miƙo mini wayarsa. "Yaya, duba nan." Hoton Hitila ne, da ɗan guntun gashin bakin nan nasa, a ƙasa an rubuta wata magana da Hausa, wai shi ya faɗe ta: wai da ya ga dama da ya ƙarar da Yahudawa kakaf, amma ya rage kaɗan don duniya ta gane dalilinsa. Wayar ta zaga benci daga hannu zuwa hannu. Wani ya ce, "Namiji!" Wani ya ce ai kisan Yahudawan ma ƙarya ne, Yahudawa ne suka ƙaga shi don a ba su Falasɗinu. Babu wanda ya lura maganganun biyu ba sa zama inuwa ɗaya. In ba a yi kisan ba, a kan me ake jinjina wa mutumin?

Hitila bai taɓa faɗin wannan magana ba. Babu ita a jawabansa, babu ita a littafinsa, intanet ce ta haife ta. Yaron kuwa na san shi tun yana rarrafe. Shi ne kan gaba wajen haƙar kabari in an yi rasuwa a layinmu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa wani hannu ba. Makonni ya yi yana kallon yadda ake zaƙulo yara daga ƙarƙashin ɓaraguzai, har barci ya ƙaurace masa. Fushinsa na gaskiya ne. Wanda ya kai wa ajiyar fushin ne ya dame ni.

Daga wannan teburi zuwa barikin Chindit tafiyar 'yan mintoci ce a kan acaɓa. Mun tashi muna jin sunan, ba mu taɓa tambayar ma'anarsa ba. Chindit wata runduna ce ta Ingila da ta yi yaƙi a dazukan ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, kuma a 1944 bataliya uku ta sojojin Najeriya sun shiga cikinta suka gwabza da Japan, ƙawar Hitila. Da yawansu 'ya'yan Arewa ne, da Hausa ake ba su umarni. A Zariyar nan dai aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, lokacin da raɗe-raɗi ya cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus Najeriya. Yaƙin Duniya na Biyu, kakanninmu yaƙin Hitila suke ce masa. Ba duka ne suka tafi da son ransu ba, wasu hakimai ne suka tura ƙeyarsu, amma ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin taswira ba ta san a yaƙi da wa ɗanta ya tafi bai dawo ba.

Waɗanda suka yi ido biyu da sojojin Hitila kuwa 'yan'uwanmu ne na ƙasashen da Faransa ta mallaka. A Yunin 1940, da Jamus ta murƙushe Faransa, sojojinta sun riƙa ware baƙaƙen fursunonin yaƙi daga cikin farare, su ja su gefe su harbe. A ƙauyen Chasselay, kusa da birnin Lyon, da bindigogin tankokin yaƙi aka buɗe musu wuta. Maƙabartar da ke wurin a yau, mai jar katanga irin ginin ƙasar Sahel, tana riƙe da sojojin Afirka ta Yamma 188. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa tsakanin 1,500 da 3,000 aka kashe ta wannan hanya cikin 'yan makonni, kuma da yawansu masu salla ne. Tun a 1937 ma gwamnatin Nazi ta tattara ɗaruruwan yaran da sojojin Afirka suka haifa da matan Jamus a yankin kogin Rhine, ta sa likitoci suka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. A ma'aunin Hitila jini ne ke raba mutane hawa-hawa, baƙar fata kuma yana can ƙasa-ƙasa. Da ƙanena ya faɗa hannun mutumin da ke cikin wayarsa, ko shahada ba za a jira ya ƙarasa ba.

Abin ya ma fi haka matsowa gida. Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, Maraɗi da Damagaram da Yamai suna ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai yi wa Jamus biyayya. Gwamnatin nan ta farfaɗo da tsohon mafarkin Faransa na shimfiɗa layin dogo daga bakin Bahar Rum ya keto Sahara har kogin Kwara, ta cika sansanonin aikin tilas a hamadar Maroko da Aljeriya da Yahudawa da 'yan gudun hijirar Sifen, suna fasa dutse a ƙwallar rana. Layin bai je ko'ina ba. A Libiya, Italiya ta tsare Yahudawa kusan 2,600 a sansanin Jadu, 562 suka mutu, galibi da yunwa da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Daga Libiyar nan ne, daga Tarabulus, Saul Raccah ya fito, Bayahuden da ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano a shekarun 1930.

Labari mutawatiri

Abin da Turawa ke kira Holocaust, Yahudawa kuma Shoah, ba rana ɗaya ya faɗo ba. Hitila ya hau mulki a 1933. A 1935 dokokin Nuremberg suka fitar da Yahudawa daga sahun 'yan ƙasa, suka haramta auratayya da su. Daren 9 ga Nuwamban 1938 aka ƙone ɗaruruwan wuraren ibadarsu, aka farfasa dubban shagunansu. Duk wanda ya girma a Sabon Gari ya san kamannin safiyar da ke biyo bayan irin wannan dare, da warin ƙuna, da gilashi a kan titi. A 1941 aka koma harbi: a kwarin Babi Yar da ke gefen birnin Kiev, cikin kwana biyu, 29 da 30 ga Satumba, an harbe mutum 33,771, kuma makasan da kansu suka rubuta adadin suka aika Berlin. Daga nan sai ɗakunan iskar guba a Treblinka da Sobibor da Belzec da Auschwitz, inda ake kwaso mutane a taragon dabbobi daga wurare masu nisa kamar Girka da Faransa. A Auschwitz kaɗai mutum kusan miliyan 1.1 suka halaka, kimanin miliyan ɗaya Yahudawa. Jimilla kusan miliyan 6, biyu cikin ukun Yahudawan Turai, yara wajen miliyan ɗaya da rabi. Tare da su an kashe 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, da fursunonin yaƙi na Sobiyet kimanin miliyan 3.

Duk wanda ya durƙusa gaban malami ya ɗauki ilimin hadisi ya san abin da ake kira labari mutawatiri: wanda jama'a masu yawa suka ruwaito daga jama'a masu yawa, ta hanyoyi mabambanta, har hankali ya ƙi yarda cewa sun haɗa baki a kan ƙarya. Ma'aunin gidanmu ne, to mu ɗora wannan labari a kai. Akwai takardun makasan: a Janairun 1943 wani jami'in rundunar SS ta Hitila, Hermann Höfle, ya aika saƙon tangarahu da Ingila ta kama, yana ba da lissafin mutum 1,274,166 da aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942. Akwai kwamandan Auschwitz, Rudolf Höss, wanda ya ba da shaida a kotun Nuremberg a 1946, ya kuma rubuta labarin da hannunsa kafin a rataye shi a 1947. Akwai sojojin Sobiyet da suka shiga Auschwitz ranar 27 ga Janairun 1945, da na Amurka da Ingila da suka buɗe sauran sansanoni, mutanen da suka shafe shekara arba'in bayan nan ba sa yarda da juna ko a kan ƙarfe nawa, amma a kan wannan bakinsu ɗaya. Akwai dubban waɗanda suka tsira, kowa da yarensa. An tattara sunayen mamatan kusan miliyan 5, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga Jamus kanta, wadda ta amsa laifi, tana biyan diyya tun shekarun 1950. Wanda ake ƙara ya ce shi ya yi, sai ɗan kallo a bencin mai shayi ya ce bai yarda ba.

To me ya sa abin ke yi mana wuyar haɗiya?

Ba mu da maƙwabci Bayahude. A Chikaji kana da Ibo mai shagon kayan gyaran mota, da Bayarabiya mai sayar da atamfa, da Banufe, da ɗan Kudancin Kaduna da kuka yi firamare tare. In an zage su a gabanka, fuskar wani za ta faɗo maka. Bayahude kuwa kalma ce kawai, kuma a bakinmu zagi ce: in an ce wane Bayahude ne, ana nufin maƙetaci, mai makirci. Kalma ba ta da uwa, ba ta da jariri a goye, shi ya sa miliyan shida daga cikinta ba ya motsa kowa.

Akwai kuma gado. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin tsarin mulki, babban malami ne da ƙasar Hausa ke girmamawa. Kafin zuwansa, wajajen 1492, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawa a Tamantit, cikin dausayin Tuwat a kudancin Aljeriyar yau, aka kashe wasu aka tarwatsa saura. Abin da ba a cika karantar da mu ba shi ne alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya tsaya ya ƙi, ya ce mutanen nan 'yan amana ne a ƙarƙashin shari'a, kuma da aka kai tambayar gaban malaman Tilimsan da Fas da Tunis, kansu ya rabu. A shekarar nan dai ta 1492 Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Bayazid na biyu, ya buɗe ƙofa ga Yahudawan da Kiristocin Sifen suka kora. Maghili namu ne, Asnuni ma namu ne. Ɗaya kawai aka ba mu labarinsa.

Babban dalilin dai Falasɗinu ne, kuma ba dalilin rainawa ba ne. A 1948 Falasɗinawa fiye da 700,000 suka bar gidajensu, wasu da kora wasu da gudun rai, ba a bar su sun koma ba. Turawa suka yi ta'asa a Turai, manomin Jafa da Haifa ya biya. Zariya kuwa ta zubar da jini a kan wannan batu: ranar 25 ga Yulin 2014 sojoji suka buɗe wuta a muzaharar ranar Ƙudus, mutum sama da 30 suka mutu, cikinsu har da 'ya'yan Shaikh Ibrahim Zakzaky uku. Mutane suna kuma gani da idonsu yadda wasu 'yan siyasar Isra'ila ke ɗaga gawawwakin Auschwitz su yi garkuwa da su duk lokacin da aka tambaye su gawawwakin Gaza. Sai zuciya ta ce: in na yarda an zalunce su jiya, na ba su lasin zalunci yau. Na fahimci wannan tsoro. Amma yarinyar da aka cusa ɗakin guba a 1943 ba ta ƙwace gonar kowa ba, ƙasar Isra'ila ma ba a kafa ta ba tukuna. Kuma kowane ɗan makarantar allo ya san Alƙur'ani ya maimaita cewa wani ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, ya san kuma Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Ayar ba ta ware kowa ba.

Ƙofofin da aka buɗe

Musulmin wancan zamani ba waliyyai ba ne duka. Muftin Ƙudus, Alhaji Aminu al-Husaini, ya zauna da Hitila a Berlin ranar 28 ga Nuwamban 1941, ya yi wa Jamus farfaganda a rediyo, ya taimaka wajen ɗibar Musulmin Bosniya cikin rundunar SS. A Bagadaza, ranakun 1 da 2 ga Yunin 1941, 'yan tarzoma sun kashe Yahudawa kusan 180. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai waɗanda ke nuna hoton Mufti kamar shi ne dukan Musulunci ba sa faɗin cewa Larabawan Falasɗinu dubbai sun shiga sojan Ingila, ko cewa Musulmin da suka yaƙi Hitila daga Indiya da Afirka da Tsakiyar Asiya sun ninka waɗanda suka bi shi nesa ba kusa ba.

Labarin da ya fi zama a raina na wani gida ne a Sarayebo ta Bosniya. A Afrilun 1941 jiragen Jamus suka rushe gidan wani Bayahude mai suna Josef Kavilio. Abokinsa Mustafa Hardaga ya kwashe shi da iyalinsa ya kai gidansa. Gidan masu riƙon addini ne, mata ba sa buɗe fuska gaban baƙo, amma aka ce wa matar gidan, Zainaba, da faccalarta su ɗauki Josef ɗan gida. Duk Bahaushe ya san nauyin wannan: a shigar da namiji baƙo ya wuce zaure har cikin gida. Ofishin 'yan sandan ciki na Jamus yana tsallaken titi, an manna sanarwa a bango cewa duk wanda ya ɓoye Bayahude kisa ne hukuncinsa. Da aka kama Josef daga baya, Zainaba ta gan shi cikin mari yana share ƙanƙara a titi, ta riƙa kai abinci gare shi da sauran fursunoni. Mahaifinta, Ahmed Sadik, ya ɓoye wani iyalin Yahudawa dabam. Shi an kama shi, ya mutu a sansanin Jasenovac. Iyalin Kavilio suka tsira, suka koma Ƙudus.

Shekara hamsin bayan haka sai reshe ya juya da mujiya. Sabiyawa suka yi wa Sarayebo ƙawanya, Musulmi ne yanzu ake harbi a layin burodi. Zainaba ta tsufa, ba ta da lafiya. Zuriyar Kavilio suka tashi tsaye, a farkon 1994 aka fitar da ita da 'yarta da surukinta da jikarta cikin ayarin motocin da al'ummar Yahudawan garin suka shirya. Alheri danƙo ne. Irin wannan ya sake faruwa ga iyalin Derviš Korkut, malamin da ya ɓoye wa Jamusawa wani tsohon littafin addu'ar Yahudawa mai shekara kusan 600, ya kuma ɓoye wata yarinya, Mira Papo, a gidansa da sunan 'yar aiki Musulma. A 1999, da aka kori 'yarsa Lamija daga Kosovo, takardar shaidar abin da mahaifinta ya yi ce ta buɗe mata ƙofa.

Albaniya, inda Musulmi suka fi yawa, ta shiga yaƙin da Yahudawa kusan 200, ta fita da kusan 2,000, domin mutanen ƙasar sun ƙi miƙa baƙinsu. Suna da wata kalma, besa, wadda in za a fassara ta da Hausa sai a ce amana. A tsakiyar Berlin kanta wani likita Bamisre, Muhammad Helmy, ya ɗaura wa wata yarinya Bayahudiya, Anna Boros, ɗankwali, ya ce 'yar'uwarsa ce, ya ɓoye ta daga 1942 har yaƙi ya ƙare. Shi ma dokar jini ta hana shi auren Bajamushiyar da yake so. Da cibiyar Yad Vashem ta karrama shi a 2013, Balarabe na farko, danginsa a Alƙahira sun ƙi karɓa saboda daga Isra'ila ta fito; sai a 2017 wani ɗan'uwansa ya karɓa, a Berlin. Dukan rikicin da muke ciki yana cikin wannan shekara huɗu ta jinkiri.

Abin da Sabon Gari ta sani

Ba na gwama abin da ya faru a nan da na Turai. Can gwamnati ce ta zauna da injiniyoyi da jadawalin jiragen ƙasa ta tsara ƙarar da al'umma guda. Amma tambayar da Mustafa Hardaga ya amsa, an yi wa mutanen unguwannin nan ita sau da yawa.

Sabon Gari jirgin ƙasa ne ya haife ta, tun da layin dogo ya iso Zariya wajajen 1911, Bature ya keɓe wa baƙi wuri a wajen ganuwa. A 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a Janairu da dokar haɗe ƙasa ta Janar Ironsi a 24 ga Mayu, ɗaliban jami'a a Samaru suka fito zanga-zanga, kalmar "a raba" ta cika gari, aka faɗa wa Ibo a Sabon Garuruwan Arewa. Aka sake, mafi muni, a Satumba da Oktoba. Ƙiyasin mamata ya kama daga dubu takwas zuwa dubu talatin, sama da miliyan suka gudu Gabas, da yawa ta tashar jirgin nan da muke wucewa kullum. Mai gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari bai san Nzeogwu, sojan da ya jagoranci kisan Sardauna, ba, amma shi ya biya. Ba banza ba masu farfagandar Biyafara suka riƙa kamanta Ibo da Yahudawa, kuma duniya ta saurare su. A gidajenmu ba a cika ba da wannan labari ba. Wanda ake bayarwa, shi ma gaskiya ne, na dattawan da suka ɓoye abokan cinikinsu a ɗakin matansu, da waɗanda suka riƙe gidajen Ibo suna tara kuɗin haya har aka gama yaƙi a 1970 suka damƙa wa masu su. Duk a unguwa ɗaya aka yi su, masu adda da masu amana.

A Maris ɗin 1987 rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya iso Zariya cikin kwanaki, aka ƙone coci-coci bila adadin. A shekarar ne Dakta Yusufu Bala Usman na jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafinsa kan yadda ake wasa da addini don neman mulki. Ranar 17 ga Yunin 2012 'yan ƙunar baƙin wake suka kai hari babban cocin Katolika na Christ the King a Sabon Gari da cocin ECWA a Wusasa, a ranar kuma aka tare matafiya Musulmi a Gonin Gora aka huce a kansu. Mu ma muna da namu matattun: Zangon Kataf a 1992, Yelwan Shandam a 2004, Zonkwa da Matsirga a 2011. Kowane ɓangare ya haddace jerinsa kamar karatun allo, bai san ko baƙi ɗaya na jerin ɗayan ba.

Sai Disambar 2015. Kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya ce sojoji sun kashe fararen hula 348 a Zariya cikin kwana uku, kuma sakataren gwamnatin jiha na lokacin ya shaida wa kwamitin cewa an binne 347 a rami ɗaya a Mando. Na tuna abin da wasunmu suka riƙa rubutawa a Facebook a makon: wasu suka ce ƙarya ne, ba a kashe haka ba, wasu suka ce Allah ya ƙara, ai 'yan Shi'a ne, sun tare hanya. Maganganun nan biyu da na ji a teburin mai shayi ne, ba a ko sauya musu riga ba. Duk uwar da ɗanta ke cikin ramin Mando ta san abin da ake ji in aka ce maka mamacinka ƙage ne.

Can Turai kuwa, shugabannin Musulmi sun fara taka ƙafa zuwa Auschwitz da kansu. A Mayun 2013 wata tawagar limamai daga ƙasashe da dama ta yi salla a harabar Auschwitz, gaban bangon da ake harbe fursunoni. Ranar 23 ga Janairun 2020 babban sakataren Rabiɗa, Shaikh Muhammad al-Isa, ya jagoranci wata tawaga mai mutum fiye da 60 zuwa can. Mutanenmu suka ce siyasa ce, share fagen ƙulla hulɗa da Isra'ila ne, kuma da aka sa hannu kan yarjejeniyar Ibrahim tsakanin Isra'ila da wasu ƙasashen Larabawa a Satumbar shekarar sai suka ce ga shi nan. Wataƙila akwai ƙamshin gaskiya. Shi ya sa na fi ba da nauyi ga waɗanda ba su da abin da za su ci. A 2001, da masu ƙaryata kisan suka shirya taro a Beirut, marubutan Larabawa 14 ne suka sa hannu a hana, cikinsu har da Mahmud Darwish, wanda aka rushe ƙauyensu a 1948. A Maris ɗin 2014 Farfesa Muhammad Dajani na jami'ar Al-Quds ya kai ɗalibai Falasɗinawa 27 Auschwitz, ɗaliban Isra'ila kuma suka je sansanin gudun hijira na Dahaisha kusa da Baitalami. An kira shi maci amana, ya bar aikinsa, daga baya aka ƙone motarsa.

Tausayin ya taɓa zuwa daga ɗaya gefen ma. A Afrilun 1993, wajen buɗe gidan tarihin kisan a Washington, Elie Wiesel, wanda ya fito daga Auschwitz da ransa, ya juya ya fuskanci Shugaba Clinton ya ce a yi wani abu a kan jinin da ake zubarwa a Bosniya. Dokar duniya ta hana kisan ƙare dangi, ta 9 ga Disambar 1948, aikin Raphael Lemkin ce, Bayahuden Poland da ya rasa dangi 49. Da ita Gambiya ta kai Myanmar kotun duniya a 2019 saboda Musulmin Rohingya, da ita Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila a Disambar 2023. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoban 2023, wanda ya kashe mutum kusan 1,200, mamatan Gaza sun haura 60,000 zuwa ƙarshen Yulin 2025 bisa lissafin ma'aikatar lafiyar yankin, kuma cikin waɗanda suka fito suka kira abin kisan ƙare dangi akwai Omer Bartov da Amos Goldberg, Yahudawa 'yan Isra'ila da suka ƙarar da rayuwarsu suna nazarin Holocaust. Makamin da ƙanena ke buƙata don kare Gaza, daga tokar da yake ƙaryatawa aka ƙera shi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ta Bayahude ce, ya tunatar da su cewa shi ma rai ne. Na karanta wa ƙanena wannan a daren. Ya yi shiru, ya ce ya san hadisin, amma bai goge hoton a gabana ba, ni ma ban matsa ba.

Da aka sake zama, labarin Malam Abubakar Abdullahi na ba shi, don shi ba sai an tsallaka teku ba. Ranar 23 ga Yunin 2018 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato. Mutane suka kwararo ƙauyen Nghar Yelwa a guje, yawancinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Birom. Limamin, yana da shekara 83, ya shigar da mata gidansa, ya cusa maza masallaci, mutum 262, ya tsaya a ƙofa. Maharan suka ce ya fito da su. Ya ƙi, ya zube ƙasa yana roƙonsu, ya ce in kisa ne su fara da shi. Suka juya. Da 'yan jarida suka tambaye shi daga baya, ya ce filin da aka gina masallacin a kai, shekara arba'in da wani abu da suka wuce, Kiristocin garin ne suka ba Musulmi shi kyauta.